A Fara Gwadawa a Kusurwar Gona

'Yan'uwa manoma, a yawon da nake yi tsakanin ƙungiyoyinmu na Ikara da Makarfi da Kudan, ba wuya in tarar da mutum mai wani buri a ransa. Wannan yana so ya koma lambun tumatir. Wancan yana so ya riƙa dafa mazarƙwaila da kansa maimakon sayar da rakensa a tsaye. Wata baba tana so ta fara kiwon kaji. In na tambayi abin da ya hana, sai a ce babu jari. Wani lokaci gaskiya ne. Amma in hira ta yi nisa, sai ainihin maganar ta fito: "Malam, in abin ya lalace, me mutane za su ce?"

Na san wannan tsoro, domin ya taɓa kama ni. A 2016, ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba, na ci bashi na dasa tumatir eka guda a fadama. Sai ga tsutsar nan da muke kira sharon, wadda ke shiga cikin ganye ta cinye shi ta ciki, inda magani ba ya kai mata da sauƙi. Cikin 'yan kwanaki lambun ya koma kamar an cinna masa wuta. Ba ni kaɗai ba ne. Ɓarnar ta kai har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu na shekarar. Bashin dai na biya shi a hankali. Abin da ya daɗe yana cin raina shi ne habaicin da na ji a kasuwa, wai ɗan boko ya zo koya mana noma. Rani uku ban taka fadama ba.

Daga baya na gane kuskurena: na zuba duk abin da nake da shi a gwaji ɗaya.

Ku tambayi dattawanmu labarin masara. A da, a bayan gida ake shuka ta don gasawa, dawa da gero su ne abinci. Da sabon iri da takin zamani suka zo a shekarun 1970 da 1980, mutane da yawa ba su saki dawarsu gaba ɗaya ba. Sun ware 'yan kunyoyi, suka gani da idonsu, sannan suka ƙara. Haka ma shirin Sasakawa da ya shigo Nijeriya a 1992, da rubu'in kadada yake sa manomi ya gwada.

Saboda haka ga shawarata ga kowace ƙungiya. Mai buri ya faɗe shi a gaban taro. A taimake shi ya fara da abin da ko ya lalace iyalinsa ba za su kwana da yunwa ba: fangali goma na tumatir, ko kaji ashirin. A rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu. In bai yi kyau ba, ya zo ya gaya mana dalili, mu kuwa mu saurara ba tare da dariya ba, gama da kuɗinsa ya saya mana ilmi. Shugabanni, wannan aikinku ne, don sau da yawa daga bencin gaba dariyar ke farawa.

Kafin lokacin rainon iri ya zo, ina roƙon kowane magatakarda ya kawo mini sunan mutum biyu da ke shirye su gwada. Ni ma na ware fangali goma sha biyu bana, duk mai so ya zo ya duba.