Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

 

Wani ɗalibina da ke shirin tafiya Umra, wanda bai taɓa fita ƙasar waje ba, ya tambaye ni abin da ya kamata ya zuba a wayarsa ta hannu. Na ga ya dace in amsa masa a wannan fili domin wasu su amfana.

Na taɓa gamuwa da wani dattijo a bakin Ƙofar Sarki Fahad, mai lamba 79, a Masallacin Harami, ya ɓata tun Azahar har bayan Isha'i. Wayarsa mai tsada ce, amma babu intanet a cikinta, bai kuma san sunan masaukinsa ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Saboda haka nasihata ita ce, duk abin da zan ambata a sauke shi tun ana gida, a kuma koyi aiki da shi kafin ranar tashi.

Na farko shi ne Nusuk, manhajar Ma'aikatar Hajji da Umra ta Saudiyya, wadda aka ƙaddamar a shekarar 2022. Ta nan ake neman izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a ba mutum rana da sa'a. Wanda ya yi sakaci da wannan yana iya gama kwanakinsa a Madina bai shiga ba.

Na biyu, Google Maps. Ana iya sauke taswirar Makka da ta Madina a cikin waya, ta yi aiki ko babu intanet. Da zarar ka isa masauki, ka sa masa alama a taswirar kafin ka ajiye jaka. Ka ɗauki hoton ƙofarsa da allon sunansa.

Na uku, Google Translate, wanda aka sa wa Hausa tun shekarar 2013. Ka sauke Larabci a cikinsa. Idan ka haska shi a kan allo ko kwalin magani, zai fassara maka rubutun. Har wanda ya yi karatun Larabci yana bukatarsa, domin Larabcin littafi daban, na direba da mai kanti daban. Sai dai inji ne, yana kuskure. A yi cinikin dabino da shi, amma kada a ɗauki fatawa daga gare shi. Wannan sai malamai.

Na huɗu, abin hawa. Uber da Careem suna nuna kuɗin mota kafin ka shiga, ka huta da gardama. Jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, yana cin tafiyar kilomita 450 tsakanin Makka da Madina cikin ƙasa da sa'a uku, kuma ana sayen tikitinsa ta waya.

Ka tuna agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da Nijar da sa'a 2, don haka ka tabbata wayarka ta juya, kada jirgi ya tashi ya bar ka.

Daga ƙarshe, waya tana mutuwa, tana faɗuwa, ana kuma sace ta a cikin cunkoso. Ka rubuta sunan masaukinka da lambar jagoranku da Larabci a takarda, ka sa a jakar wuya. Wanda ya iya kuma ya shirya wa tsofaffin ayarinsa wayoyinsu, akwai lada a ciki.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.