Dogon Babur Na Hannu: Wa Zai Saye Shi Daga Hannunka?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, motoci da yawa suka koma zaman gida. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta tsallake naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ma'aikaci ya lulluɓe motarsa da tamfol, ɗan kasuwa ya sayar da tasa, kowa bakinsa ɗaya: bari in nemi babur in ɗan lallaɓa kafin al'amura su daidaita. Akwai kuma waɗanda ba tsadar mai ce ta koro su ba. Malamin makarantar da aka mayar ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, ma'aikacin lafiya mai zagayen rigakafi, mutumin birni da ya karɓi hayar gona a fadama ta shekara ɗaya, duk abin hawan wucin gadi suke nema.

A cikinsu akwai waɗanda da sun shiga kasuwar babura idonsu ba ya tsayawa kan Boxer ko Jincheng. Can gefe yake zarcewa, inda aka jingine wani dogon babur mai dogayen ƙafafu, tayarsa mai gunda-gunda, salansarsa a ɗage kusa da wurin zama, an ƙera shi ya bi kwalta ya kuma yanki daji. Irin su Yamaha DT da AG, ko Honda XL da XR. Na hannu ne, kuɗinsa ya faɗi, dillali kuma na tsaye yana zuba: "Alhaji, wannan ƙarfen Japan ne, ba ya mutuwa. Sai dai ka gaji ka bar wa 'ya'yanka."

Dillalin bai yi ƙarya duka ba, kuma ni ba na cikin masu raina waɗannan babura. Tun 1968 da Yamaha ta fito da DT-1, Honda ta biyo ta da XL250 a 1972, suka yi suna wajen juriya. Gasar Paris-Dakar ta farko, wadda ta tashi a ƙarshen Disamban 1978 ta ratsa ta Agadez, Bafaranshe Cyril Neveu ne ya cinye ta a kan Yamaha XT500, kuma daga hamadar Tenere ta Nijar kamfanin ya samo sunan baburin da ya fitar a 1983. Ƙungiyar Riders for Health ta daɗe tana ɗora ma'aikatan lafiya a kan Yamaha AG su kai magani ƙauyukan Afirka da mota ba ta isa. Inda yashi ya kama tayar Boxer ya kayar da mai ita, dogon babur wucewa yake yi. Inda ruwa ya cinye hanya ya bar kwazazzabo, shi tsayinsa ya ishe shi. Ingancin ba shi ne abin gardama ba.

Abin gardamar shi ne wucin gadin. Wanda ya ce wata shida ko shekara ɗaya zai hau babur ya rabu da shi, lissafinsa daban yake da na wanda ya saya don ya zauna da shi. Kamar mai kiwon ragon Layya ne: tun ranar da ya biya kuɗi tunaninsa na kan ranar da zai kai shi kasuwa. Abin da baburin ya ci maka shi ne giɓin da ke tsakanin kuɗin saye da kuɗin sayarwa, a ɗora kuɗin gyara, a ɗora na acaɓa da Adaidaita Sahun da ka hau a kwanakin da yake kwance a gareji. Idan aka yi lissafin ta haka, sau da yawa dogon baburin da aka samu da araha shi ne ya fi tsada.

Boxer ko Jincheng na hannu, ka fitar da shi da hantsi, kafin la'asar an taya. Ɗan acaɓa na so, manomi na so, mai kai madara gari na so. Dogon babur kuwa masu sonsa 'yan tsiraru ne, kuma mafi yawansu sun san kansa fiye da kai. Za ka iya wata biyu kana jiran mai saye, alhali dalilin da ya sa ka saya ya wuce, an gyara motar ko an dawo da kai gari, kuɗinka kuma na jingine a soro yana shan ƙura. Daga ƙarshe dillalin da ya ce maka ba ya mutuwa shi zai kalle ka ya ce, "Wallahi Alhaji, irin wannan sai an dace da mai so."

Sai maganar kayan gyara, inda nan ne mafi yawan mutane ke shan wahala. Tayar gaban yawancin dogayen baburan nan inci 21 ce, alhali baburan da suka cika titunanmu inci 17 ko 18 suke sawa. Tayar Boxer ta fashe maka a kowane ƙauye, mai faci zai samo maka tiyub a rumfar da ke kusa. Ta dogon babur ta yage, sai ka ji bakanike na cewa, "Yallaɓai, sai dai a duba Ƙofar Ruwa, in babu a aika Nnewi." Mutumin Kaduna a ce masa ya leƙa Panteka. Wani lokaci a samu na asali, wani lokaci a kawo wanda ya yi kama da shi a ce a sa a gani. Haka fistin, haka ringi, haka kafireto. Bakanikenmu gwani ne wajen dabara, wannan ba a ƙwace masa ba. Zai yanka, ya goge, ya haɗa na wani babur a jikin wani har inji ya tashi. Amma kowace dabara aka yi, darajar baburin raguwa take yi a idon wanda ya san kaya, kuma shi ne kaɗai mai sayen da kake jira.

Manyan cikinsu, irin Kawasaki KLR650 da Suzuki DR650 da ake shigo da su jefi-jefi, ba ma sa cikin wannan hira. KLR na neman kilo 200 in an cika shi, tankinsa lita 23. A farashin naira 1,000 kowace lita, cika shi sau ɗaya naira 23,000 ke nan. Wanda ya gudu daga mota saboda mai, ya zo ya hau wannan, ai bai yi nisa ba. Ko tsohon DT 125 ma, ƙanƙantarsa kada ta ruɗe ka. Injinsa irin wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur ne, ya fi XL da XR shan mai, kuma kullum sai ka tanadi man da ake zuba masa na musamman. Da yawa an cire musu famfon da ke auna man, sai mai shi ya riƙa haɗawa da hannu a tanki. Ranar da ya manta, ranar inji zai kama.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba sai an kai gida. Wurin zaman dogon babur ya ɗara na sauran tsayi sosai, kuma siriri ne. Wanda ba shi da tsawo, da ɗan yatsan ƙafa zai riƙa dogarawa a cunkoso. Ka sa babbar riga ranar Juma'a ka ce za ka ɗaga ƙafa ka haye shi, ka ga abin da zai faru. Uwargida da goyo kuwa ba ta ma fara ba. Buhun masara? In ba AG ba, wanda dama don aikin gona aka yi shi da kariya gaba da baya, sauran sai an kai wa mai walda ya ƙera musu wurin ɗaura kaya. Babur a gidan Bahaushe ba na mutum ɗaya ba ne, shi ke kai yara makaranta, shi ke zuwa cefane, shi ke kai mara lafiya asibiti da dare.

Duk waɗannan da sauƙi a kan matsalar tsaro. A Yulin 2011 aka hana hawan babur a Maiduguri. Diffa ta bi sahu a 2015, yankin Tillaberi a farkon 2020. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta hana sayar da baburan hannu a kasuwar Charanchi, sannan a Nuwamban shekarar gwamnatin Jihar Neja ta hana sayar da babura masu ƙarfin inji daga cc 185 zuwa sama. Injin AG200 cc 196 ne. Dokokin nan suna zuwa suna tafiya, ana tsanantawa ana sassautawa, amma wanda ya ajiye kuɗinsa a babur da niyyar sayarwa bayan wata shida ya san cewa sanarwa ɗaya a rediyo ta isa ta rufe masa kasuwa. Ko babu doka, jami'in da ke tsaye a shingen bincike, ko ɗan sa-kai a bakin gari, ya hango baƙo a kan babur da aka ƙera don shiga daji, tambayoyin da zai yi masa sun fi na ɗan acaɓan da ya saba gani. Ba adalci ba ne, tunda 'yan bindigar ma mafi yawansu baburan da kowa ke hawa suke hawa. Sai dai ba a shinge ake neman adalci da dogon bayani ba. Takarda ake nunawa.

Takardar kuwa ita ce raunin babur na hannu. Rasidin asali ya ɓata, takardar kwastam babu, an bi hannu huɗu kafin naka. Idan aka ce daga wata hukuma ko ƙungiyar agaji ya fito, a nuna maka takardar gwanjo mai ɗauke da lambar injin da ta jikin baburin, ka duƙa da kanka ka karanta lambobin a jikin ƙarfe ka gwada. Ka ga alamar an kankare ko an sake bugawa, ka yi sallama ka tafi, ko kyauta ne. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, "ban sani ba" kuma sai ka kwana a bayan kanta kafin a saurare ta. A rubuta yarjejeniya, mai sayarwa ya sa hannu, shugabannin kasuwa su shaida, ka san unguwarsa da wanda ya tsaya masa. Wannan takardar ita ce rabin kuɗin baburin ranar da kai ma za ka sayar.

To, ba kowa nake hanawa ba. Wanda hanyarsa ta kullum yashi ce da laka da tsallaken rafi, kilomita da yawa babu kwalta, Boxer zai kai shi amma zai kai shi a galabaice, gyaran shakazoba da wili kuma ba zai ƙare ba. Irin wannan mutumin dogon babur ya dace da shi, ƙarami, daga cc 125 zuwa 150, mai injin da ba ya haɗa baƙin mai da fetur. Sharaɗin shi ne tun kafin ya taya ya je wurin bakaniken garin da zai zauna, ba na birni ba, ya tambaye shi: ka taɓa buɗe irin wannan injin? A ina kake samun kayansa? In bakanike ya fara sosa ƙeya, an gama magana.

Ranar dubawa a je da sassafe, ba tare da an faɗi lokaci ba. Ka fara ɗora bayan hannunka a kan injin. Ka ji shi da ɗumi, an tayar da shi kafin ka iso, kuma akwai dalili. Inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya: kik nawa ya sha kafin ya tashi, wace ƙara yake yi daga sama, wane hayaƙi yake fitarwa. Shuɗin hayaƙi a DT ɗabi'arsa ce, a XL ko XR kuwa alamar ringi sun gaji. Daga nan ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. Babur ɗin daji a ciki yake ɗauke da tarihinsa: lotsewa inda ya daki dutse, ɗinkin walda a wuya ko kusa da matakin ƙafa, sabon fenti a wuri ɗaya tak alhali sauran jikin ya koɗe. Ka shafa ƙarafan shakazoban gaba, in yatsanka ya fito da maiƙo suna yoyo. A ɗaga ƙafar gaba ka girgiza wilin gefe da gefe ka ji ko boris ya tafi. Ka duba haƙoran da sarƙa ke hawa, in sun yi tsini sun karkace, sarƙar da su duka canji suke jira. Ka sa a buɗe matatar iska. Wanda ya bar ta a yage ko babu ita gaba ɗaya, ƙurar hunturu ya yi ta ɗura wa injin, kuma babu wankin da zai ɓoye wannan. Mitar da ke nuna tafiyar da ya yi kuwa kada ka ɓata lokaci a kanta, igiyarta ta daɗe da tsinkewa.

Ka tafi da bakanikenka, ka biya shi kuɗin yininsa. Wanda dillali ya nuna maka da yatsa ya ce "ga Malam nan ya san kan mashin", kasonsa na cikin la'ada. Kada kuma ka zuba duk abin da ke aljihunka a cinikin. Babur na hannu, komai kyansa, satin farko sai ya nemi baƙin mai, fulogi, takalmin birki, wataƙila taya, ga hular kwano wadda kusan kowa ke mantawa da ita a lissafi.

Lokacin rabuwa ma a tsara shi. Dogon babur ya fi samun mai nema gab da faɗuwar damina, sa'ad da masu aikin ƙauye suka fara tunanin hanya, ko da kaka, sa'ad da kuɗin amfanin gona ya shiga hannu. Wanda aikinsa zai ƙare a tsakiyar rani, gara ya fara cigiyar mai saye tun watanni biyu kafin nan, kuma ya fara daga abokan aikin da za su gaje shi a wannan hanyar, don su ne suka ga abin da baburin ke yi a cikin laka da idonsu.