Ana Neman Fatake Shida Zuwa Gwanja

Cigiya na zo yi a wannan fili, amma ba ta ɓataccen yaro ba ce. Mutum shida nake nema da za mu yi wani wasa na rubutu ta intanet, da Hausa zalla, tsawon zangon karatu guda. Na san da jin kalmar wasa wasu za su buɗe shafi na gaba, don haka bari in faɗi ra'ayina tun da wuri: a ganina, ga mu da muka koyi Hausa da girma, kuma muke zaune a nan Kudu, wannan wasa zai gyara mana alƙalami fiye da insha'in da muke rubutawa sau biyu a zango don neman maki.

Da farko, mene ne wasan? Asalinsa daga Amurka yake. A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wanda ake yi a zaune a kewaye da tebur. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke bayyana duniyar labarin, ya ce ga dajin da kuke ciki, ga abin da ya tare muku hanya. Sauran kuwa kowa yana riƙe da tauraro guda, yana faɗin abin da tauraronsa zai yi. Idan abin mai hatsari ne, sai a jefa wani abu irin ɗan lido, amma mai fuska 20, lambar da ta fito ita za ta nuna ko an ci nasara ko an faɗi. Ba wanda ya san ƙarshen labarin, har shi jagoran. A 1978 kuma, a Jami'ar Essex ta Ingila, wani ɗalibi mai suna Roy Trubshaw ya fara rubuta MUD, daga baya Richard Bartle ya ci gaba da shi. Wasa ne na kwamfuta da mutane da yawa ke shiga a lokaci ɗaya, babu hoto ko ɗaya, komai rubutu ne. A lura, ɗalibai ne irinmu suka yi shi. A yau mutane na yin irin wannan a Discord da Telegram da WhatsApp, kowa ya rubuta nasa a lokacin da ya samu sarari. Namu a WhatsApp za mu yi, don shi ne kowa ke da shi, kuma rubutu ba ya cin data sosai.

To, ina ruwan ɗalibin harshe da wannan? Mu duba halin da muke ciki. Muna karanta nahawu a aji, muna fita mu koma Yarabanci ko Ibo ko Turanci ko Burokin. Wanda ya matsu sai ya tafi Sabo ko kasuwar shanu, ya gaisa, ya yi ciniki, ya dawo. Wannan yana da amfani, amma Hausar ciniki gajeriya ce: nawa ne, rage mini, albarka. Ba za ta taɓa tilasta maka ka ba da labari mai tsawo ba, alhali a wurin ba da labari ne asirinmu ke tonuwa. Yarabanci da Ibo ba su bambanta namiji da mace a wakilin suna, shi ya sa za ka ji ɗalibin aji uku ya ce "sarauniya ya zo" bai ko ji wani abu a kunnensa ba. Haka kuma bambancin "sun tafi" da "suka tafi". Kowa zai iya kawo maka ƙa'idar a jarrabawa, amma a sa shi ya jero abubuwa biyar da suka faru bi da bi, sai ka ga ya cakuɗa su. A cikin wasan nan kuwa, ba yadda za ka yi ka tsallake rami ko ka yaudari ɗan fashi sai da waɗannan ƙananan kalmomi. Ga misali. Jagora ya rubuta: "Da kuka iso bakin kogi sai kuka tarar da wata tsohuwa zaune a kan jirgin fito, ta ce ba mai hayewa sai ya faɗa mata sunan uwarta." Kai kuma dole ka mayar da martani, ka gaishe ta yadda ake gaida tsohuwa, ka ce mata Iya ko Inna, ka lallaɓa ta ko ka yi mata wayo. In ka ce mata "kai", jagora yana da ikon sa ta fusata ta kifar da jirgin. Kuskuren da ya jiƙa maka kayan jaki ba ka sake yin sa.

Akwai kuma Hausar da ba mu da inda za mu yi amfani da ita ko kaɗan. Yaushe rabon da waninmu ya ce "ranka ya daɗe" ko "Allah ya ba ka nasara" a inda ya dace, ba don raha ba? Yaushe ka taɓa buƙatar kalmar mangala, ko kwari da baka, ko fito, ko garama? Suna nan a ƙamus kwance. Wasan ne zai tashe su.

Yanzu sai batun da na fi damuwa da shi, wato duniyar da za a yi wasan a cikinta. Wasu abokai sun ba ni shawara mu ɗauko ta Turawa yadda take, da gajerun mutanen nan masu haƙar duwatsu da macizai masu fukafukai masu aman wuta, mu fassara kawai. Ban yarda ba. Yawancin waɗannan halittu sun shahara ne ta hanyar littattafan J. R. R. Tolkien, musamman The Lord of the Rings da ya fito a 1954 zuwa 1955. Shi kuwa Tolkien malamin harshe ne a Jami'ar Okusfod, daga tsohon Turanci da tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai ya tono kayan aikinsa. In koyi za mu yi da shi, to mu ma rumbun harshen da muke karanta za mu buɗe. Kuma rumbun a cike yake. Ga Gizo da Ƙoƙi, ga Dodo, ga aljanu, ga macijin rijiyar Kusugu ta Daura. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar 1933, ai tafiye-tafiye ne na jarumai cikin abubuwan al'ajabi. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Duk muna karanta su don jarrabawa, ba mu taɓa tunanin shiga irin duniyarsu da ƙafafunmu ba.

Saboda haka labarinmu ayari ne na fataken goro a ƙarni na 19, daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, wadda ke cikin Ghana ta yanzu. Hanyar gaskiya ce, fatake sun bi ta da jakuna, sun haye Kwara, sun ratsa Borgu, suna kai kanwa da tufafi da fatu su sayo goro, tafiyar watanni. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai gaba, ana sauka zango-zango, ana biyan sarakunan hanya. A kan wannan tarihi za mu ɗora tatsuniya. Ni zan riƙe jagoranci, ku kuma kowa ya zaɓi nasa: maharbi, ɗan tauri, maƙeri, maroƙi, mai magani, jakadiya, ko mace mai tuwo da ta fi madugu sanin hanya. Ba dole sai mace ta ɗauki mace ba. Ni ma na fi son a yi musaya, don jinsin nahawu ya zauna.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce jefa ɗan lido caca ne. Caca sai da kuɗi ko wani abin da ake ci, mu kuwa ko kwabo ba za a sa ba, kuma ba a cin kowa, duk ayari ɗaya ne. Wani zai ce aljanu da Dodo tsafi ne. An yi irin wannan surutu a Amurka a shekarun 1980, lokacin da wasu iyaye da ƙungiyoyin coci suka zargi Dungeons & Dragons da koyar da bautar shaiɗan. Ni dai abin da zan ce shi ne, duk abin da ba ya cikin tatsuniyar da kaka ke yi wa jikoki ba zai shiga wasanmu ba, kuma addinin kowa a waje zai tsaya.

Sukar da na fi ɗauka da nauyi ita ce ta wani malaminmu, wanda ya ce rubutu ba ya koyar da karin sauti da tsawon wasali. Gaskiya ya faɗa. Garin da ake zama da garin da ake tuwo duk ɗaya suke a takarda, mai rubuta su daidai yana iya furta su a karkace. Don haka duk ƙarshen mako mutum ɗaya zai karanta abin da ya faru cikin saƙon murya, kuma ina roƙon aƙalla biyu daga cikin shidan su kasance Hausawa haihuwa, kada mu taru mu koya wa juna kuskure. Gyara kuma a wani zaure dabam za a yi shi, ba a tsakiyar labari ba.

Abin da ke kashe irin wannan wasa ba rashin iya harshe ba ne, ɓacewar 'yan wasa ne. Mutum ya shigo da zafi, bayan mako biyu a yi ta jiransa a bakin kogi. Saboda haka ba gwani nake nema ba, ɗan aji ɗaya ma ya zo. Sharaɗin shi ne rubutu sau uku a mako, ko da layi biyar ne, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suka dace, ba Turanci. Wanda ya yi kwana bakwai shiru ba uzuri, kura za ta ɗauke tauraronsa a zango na gaba. Lokacin jarrabawa ayari zai yada zango har a gama.

Mai sha'awa ya rubuta sunan tauraronsa da sana'arsa da dalilin da ya sa ya baro gida, cikin jimla goma, ya ajiye a akwatin wannan mujalla da ke ofishin ƙungiyar ɗaliban Hausa. Da an cika shida za mu tashi daga Kano.