Burin Yaro: A Fara Lissafi Daga Zangon Nan

A ƙasar Zuru da wuya ka sami uban da ba zai gaya maka abin da ɗansa zai zama ba. Soja, in ji da yawa, kuma ba abin mamaki ba ne a masarautar da ta haifi Ishaya Bamaiyi, babban hafsan sojojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Tanko Ayuba, da Muhammadu Magoro, da marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Bauchi kafin ya hau karaga. Wasu su ce likita, wasu lauya. Amma tambayi uban nan me yake so yaron ya iya kafin hutun ƙarshen zango, sai ya yi jim, ya ce, "Ya dai yi ƙoƙari." Buri mai nisa muna da shi har ya yi yawa. Abin da muka rasa shi ne ƙaramin aikin da za a ɗora wa yaro a watan nan, a dawo a duba ko ya yi.

Abin takaici, wannan darasi ne da kakannin Dakarkari suka daɗe da sani. Dubi golmo. Saurayi yana son aure, to zai yi wa surukinsa noma shekara bakwai. Shekara bakwai ba kusa ba ce ga matashi, amma ba a taɓa barinsa da ita dunƙule ba. An yanka masa ita damina-damina, kowace damina kuma da sharar gona da huɗa da noman fari da maimai da girbi. Ba shi kaɗai yake shiga gonar ba, da tsararrakinsa ake yi, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan. In rana ta yi yamma, kunyoyin da aka tayar suna nan a fili, ba mai iya cewa an yi abin da ba a yi ba. Ba kira nake a koma ga golmo ba, zamani ya sauya, kuma makaranta ta karɓe shekarun da yake ci. Tsarinsa nake so mu ɗauka: manufa mai nisa da kowa ya sani, aikin yau da ido ke gani, da shaidu.

Makarantar boko ma haka take a gine, sai dai iyaye ba su cika lura ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Daga nan ake raba yara, wasu ajin kimiyya, wasu fasaha ko kasuwanci, yaro bai wuce shekara goma sha biyar ba. Bayan shekara uku sai WAEC ko NECO, inda galibi ake neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, sannan JAMB. Kwalejin horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna wannan sharaɗin take gindayawa, haka Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a nan Zuru a 2020. Ke nan ƙofar da uba yake hange tun a aji uku na firamare take fara rufuwa, ranar da yaro ya kasa karanta jimla ɗaya aka ciyar da shi gaba. Wanda bai ƙware a sau-sau ba a aji huɗu, da me zai tari lissafin sakandare? Shi ya sa nake ganin burin kusa aikin iyaye ne, kuma dole ya zama takamaimai: kafin hutu, yarinyar nan za ta karanta shafi guda da ƙarfi ba tare da tuntuɓe ba, yaron nan zai haddace sau bakwai da sau takwas, ɗan akuyar da aka damƙa masa zai kai kaka da ƙibarsa. Buri mai nisa kuwa a riƙe shi da sassauci, domin na yaron ne. Mai shekara takwas da ke sara wa kowa yana kiran kansa soja, a sha shida yana iya karkata ga gyaran inji.

Za a ce gobe ta Allah ce, wane ne mutum da zai tsara wa ɗansa shekara ashirin? Gaskiya ne, Musulminmu da Kiristanmu duk mun yarda da haka. Amma manomin da ya fi kowa sanin ruwa ba a hannunsa yake ba, shi ne ke ɗaure irin dawa a rumbu tun da kaka. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin tawakkali.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsaro da talauci, kuma ba na raina shi. A watan Nuwamban 2025 'yan bindiga sun shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, suka kwashi ɗalibai. Akwai iyalai daga ƙauyukan Sakaba da Wasagu da suka bar gonakinsu suna raɓe a gidajen dangi. Uwar da ke wannan hali in ka yi mata zancen jami'a, tana da hujjar yi maka kallon wanda bai san zafi ba. Kare makarantu nauyin gwamnati ne, kuma babu dabarar iyaye da za ta maye gurbinsa. Sai dai a irin wannan yanayin ne burin kusa ya fi amfani, don shi kaɗai ne ke bin yaro duk inda aka yi gudun hijira. Shafi ɗaya da za a karanta bayan sallar magariba, a hasken tocilan, ba ya jiran a buɗe makaranta. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya sa ɗiyarta ta karanta mata, yayan yarinyar ko ɗan maƙwabta ya saurara ya gyara.

Akwai kuma masu tsoron kada a takura wa yara. Takura tana zuwa ne in an ɗora wa yaro abin da ba ya iya taɓawa, kamar a ce sai ya zo na ɗaya alhali na ɗaya mutum guda ne a aji. Aikin da aka yanka daidai ƙarfinsa, aka kuma yi shawara da shi, daɗi yake ji in ya gama, irin daɗin wanda ya kai ƙarshen kunya ya miƙe ya waiwaya.

Iyaye, kafin makon nan ya fita, ku je ku ga malamin ajin ɗanku. Ku tambaye shi abu ɗaya da yaron bai iya ba wanda ya kamata a ce ya iya, ku rubuta a bangon littafinsa, ku sa ranar da za ku dawo ku duba.