Alƙaluman Na'ura da Alƙalamin Malam

Akwai wata al'ada da ta shigo jami'o'inmu a 'yan shekarun nan, wadda nake ganin ya kamata mu dube ta da idon basira tun ba ta zama jiki ba. Al'adar kuwa ita ce ta miƙa aikin jinga ko kundin digiri ga manhajar gano satar fasaha, a jira ta fito da wata lamba, sa'an nan a yanke wa ɗalibi hukunci da wannan lamba tun malam bai karanta ko da shafin farko ba. Idan lambar ta yi ƙasa sai a ce yaro ya yi ƙoƙari. Idan ta yi sama sai a ce ya je ya rage ta, kamar dai ana cinikin gero a kasuwa.

Kafin mu yi nisa, bari mu ga abin da manhajar take yi. Wadda ta fi shahara ita ce Turnitin, wadda ta samo asali daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a ƙasar Amurka, a ƙarshen shekarun 1990. A nan gida ma Kwamitin Shugabannin Jami'o'in Nijeriya ya ƙaddamar da tasa, mai suna EagleScan, a 2021. Aikin Turnitin shi ne ta ɗauki rubutun ɗalibi ta gwama shi da abin da ke cikin rumbunanta: shafukan intanet, da mujallu da littattafan da aka buga, da kuma ayyukan ɗaliban da aka riga aka miƙa mata. Duk inda ta ga jerin kalmomi sun yi daidai da na wani rubutu sai ta shafa masa launi, a ƙarshe ta lissafa kashi nawa cikin ɗari na aikin ya yi kama da na wasu. Har launi take ba lambar: kore idan ba ta kai 25 ba, rawaya daga 25 zuwa 49, ruwan lemo daga 50 zuwa 74, ja daga 75 zuwa sama. Abin lura shi ne, su kansu masu manhajar suna faɗa a fili cewa kamanni take aunawa, ba ita ke tabbatar da sata ba. Wato mai kayan bai ce kayansa alƙali ba ne, mu ne muka naɗa masa rawani.

To, kamanni daban, sata daban, kuma babu wanda ya kamata ya fi ɗalibin Hausa sanin haka. Mu ɗauki tahamisi. Marubuci yakan ɗauki waƙar wani magabaci mai ƙwar biyu, ya ƙara ɗango uku nasa a kan kowane baiti, ta koma mai ƙwar biyar, kamar yadda aka koya mana Isa ɗan Shehu ya yi wa waƙar Tabban Haƙiƙan. Ɗango biyu cikin biyar ke nan na wani ne, harafi da harafi. Da za a ba manhaja irin wannan aiki, kashi 40 cikin ɗari za ta ba shi, ta shafa masa rawaya. Amma wa ya taɓa kiran mai tahamisi ɓarawo? Ba a kira shi haka ba domin bai ɓoye mai waƙar ba, hasali ma girmama shi ya yi. Ashe ke nan abin da ke mai da aro ya zama sata ba yawan abin da aka ara ba ne, ɓoye mai shi ne. Wannan kuwa lamba ba ta iya nuna shi.

Na ga wannan da idona. Wani abokin karatuna ya yi jinga a kan hikimar da ke cikin karin maganar da suka shafi haƙuri. Dole ne ya kawo karin maganar yadda Bahaushe ya faɗe su, dole ne kuma ya kawo ma'anar da masana suka bayar, kuma duk ya ambaci inda ya samo. Manhaja ta ba shi lamba mai tsoratarwa, aka dawo masa da aikin ba tare da an buɗe rahoton ba. Bawan Allah ya kwana yana sauya kalmomi, har ya kai ga taɓa su kansu karin maganar, yana musanya wannan kalma da waccan don na'ura ta daina gane su. Lamba ta sauka, aiki ya wuce. Amma abin da ya wuce ɗin ya fi na farko lalacewa, domin karin maganar da aka sauya wa kalma ta tashi daga karin magana. Abin da ya koya a wannan dare shi ne yadda ake ɓad da sawu, ba yadda ake bincike ba, kuma wannan shi ne ainihin darasin da ɓarawo yake bukata.

Ɗaya gefen ya fi wannan muni, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Manhaja ba ta iya gano abin da ba ya cikin rumbunta. Ina ne mafi yawan ilmin Hausa yake zaune? Yana cikin kundayen da aka buga da tafireta, suna jere a kantocin sassanmu sun sha ƙura. Yana cikin tsofaffin littattafan da aka buga a Zariya, da takardun da aka gabatar a tarurrukan ƙara wa juna sani aka raba su hannu da hannu, da rubuce-rubucen ajami da ke cikin gafakar malamai, da kaset-kaset na makaɗa. Ɗalibin da ya shiga ɗakin karatu ya kwafe babi guda daga kundin da aka rubuta a 1982, wanda ba a taɓa sa shi a kwamfuta ba, zai fito da kore shar, har a yaba masa. Wanda ya yi gaskiya ya ambaci ƙamusun Bargery na 1934 ko nahawun Galadanci na 1976 a manazartarsa, shi ne za a shafa wa launi, saboda ɗaruruwan ɗalibai sun rubuta sunayen waɗannan littattafai kafinsa, kuma ba yadda za a yi a rubuta sunan littafi ta wata hanya dabam.

Ga kuma matsalar baƙaƙenmu masu ƙugiya. Wani ya rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, wani ya bar su k da d da b, wani kuma ya yi amfani da tsohon salon rubutun kwamfuta wanda ke ɗora ƙugiyar a kan wata alama dabam. A idon mai karatu kalma ɗaya ce, a wurin na'ura kuwa tana iya zama kalmomi uku. Fassara ma haka. Mutum ya ɗauki maƙalar Turanci ya juya ta zuwa Hausa sakin layi bayan sakin layi, bai ambaci mai ita ba, wannan sata ce tsagwaronta, amma babu jerin kalmomin da zai yi daidai da na asali. Mun san cewa Abubakar Imam ya ɗebo wasu labaran Magana Jari Ce daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya yi musu gyaran fuska, ya mai da su 'yan gida. Masana ne suka bi sawun waɗannan labarai, da karatu mai yawa da sanin harsuna. Ba na ce aikin Imam irin na mai kwafar maƙala ba ne, nesa ba kusa ba. Nufina shi ne sawun da ya ƙetara daga harshe zuwa harshe sai mai karatu ke ganinsa.

Tun daga 2023 an ƙara wata lamba ta biyu, wadda ake cewa tana nuna ko ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT ce ta yi rubutun. Wannan ta fi ta farko rauni, domin ta farko aƙalla tana nuna maka shafin da ta gani, ita kuwa hasashe kawai take yi. A shekarar ce masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji, suka tarar sun ɗauki fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshen uwa ba ne gare su a matsayin aikin na'ura. A watan Agusta na shekarar kuma Jami'ar Vanderbilt ta kashe wannan sashe na Turnitin. Mu da muke rubuta jingar sauran darussa da Turancin da muka koya a aji, wannan magana ta shafe mu kai tsaye.

Ba na mance uzurin malamai ba. Malamin da ke da ɗalibai ɗari uku a aji ɗaya, ga duba jarrabawa, ga kundaye jibge a tebur, ba abin mamaki ba ne ya nemi abin da zai rage masa nauyi. Kuma mu ɗalibai ba tsarkaka ba ne; kwafe-kwafe ya yi yawa a cikinmu, kowa ya sani. Ba cewa nake a jefar da manhajar ba. Tana da amfani wajen kama wanda ya kwaso shafin intanet ɗungurungum, ko abokai biyu da suka miƙa aiki ɗaya. Roƙona shi ne a buɗe rahoton. Manhajar tana da wurin da ake umurtar ta ta tsallake manazarta, da zancen da ke cikin alamar zancen wani, da ƙananan kamanni na 'yan kalmomi. Bayan an yi haka sai a dubi abin da ya rage: kashi 30 da ya warwatsu a wurare hamsin, kowanne da madogararsa, ba abin damuwa ba ne, kashi 8 da ya taru a sakin layi biyu daga wuri ɗaya, babu sunan mai shi, shi ne abin tuhuma.

Idan kuwa malam ya yi shakka, akwai gwajin da ya girmi kowace kwamfuta. A kira ɗalibin ofis, a rufe kundin, a ce ya bayyana abin da yake nufi a shafi na goma sha biyu, ya faɗi inda ya ga littafin da ya ambata da abin da ke babin da ya ɗauko. Minti biyar sun isa. Su kuma kundayen nan da ke kanta, ina ba ƙungiyarmu ta ɗalibai shawara ta nemi izinin sashe, mu karkasa su a tsakaninmu a hutun ƙarshen zango, mu fara ɗaukar hotonsu shafi-shafi, daga na shekarun 1970 waɗanda takardarsu ta fara rududdugewa.