Kada Talaka Ya Yi Cinikin Biri A Sama

Ya ku 'yan'uwa talakawa, musamman 'yan kasuwar Mada da Tsafe da Bunguɗu, da kaka ta yi aka sayar da wake da waken suya, sai ka ji mutum yana cewa bana kam zai sayi mota. Ba mu ga laifinsa ba. Amma tun da gwamnati ta janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sabuwar mota ta zama ta masu mulki, su da ake saya wa da kuɗin baitulmali. Abin da ya rage wa talaka shi ne tsohuwar motar Turai, wadda muke kira 'yar Kwatano. To, tun da haka abin ya zama, wajibi ne mu gaya muku gaskiya.

Maganarmu guda ce. Kada ka sayi motar da ta burge ka, sayi wadda makanikin garinku ya san cikinta, wadda kuma ake samun kayan gyaranta a Gusau. Dalilin da ya sa Fijo 504 ta daɗe tana yi wa Arewa bauta ke nan. Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, har kowane yaron gareji ya iya kwance ta ya ɗaure. Haka Golf 3, wadda aka ƙera a Jamus daga 1991, ta cika tashoshinmu don kayanta ba su da wuyar samu. Amma babbar Marsandi ko BMW mai kwamfuta a ciki, in ta yi gardama a Mada, sai an ɗauko mai na'ura daga birni, ƙaramin ƙarfe ɗaya kuwa ya cinye ribar wata guda. Wannan ita ce kyan ɗan maciji.

In za ka ciniki, tafi da makanikinka, ba na dillali ba, gama dillali la'adarsa yake nema. Ku je da sassafe ku tayar da injin yana sanyi. In salansa ta yi hayaƙi shuɗi, injin yana shan baƙin mai. In ka buɗe murfin baƙin mai ka ga ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, ka yi sallama ka tafi. Ka sa a leƙa ƙarƙashinta. A ƙasashen Turai ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa shi ke cin ƙarfe, sai a shafa fenti a rufe tsatsa. Kada ka gaskata lissafin tafiyar da ke gaban direba, ana iya mai da shi baya. Dubi sitiyari da kujera da abin taka birki, su ba su yin ƙarya.

Ka kula da motar Ingila. Tun watan Afrilu 1972 ƙasar nan ta koma bin hannun dama, motar Ingila kuwa sitiyarinta a dama yake. Waɗansu sukan yanke su mai da shi hagu, su sayar wa wanda bai sani ba. Aikin walda a sitiyari ba abin da za ka ɗora iyalinka a kai ba ne.

Sa'an nan takardu. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, amma ba a daina bin ɓarauniyar hanya da su ba. Ka gwada lambar da ke jikin ƙarfen motar da wadda ke cikin takarda, harafi bayan harafi. Ka kai takardar kuɗin fito ofishin kwastan a tabbatar maka kafin ka biya ko kwabo. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Ran da aka tare motar a hanya, babban mutum waya ɗaya zai buga a sake tasa, kai kuwa taka ta tafi da jarinka duka.

Kada kuma ka zuba kuɗinka gaba ɗaya. Ka rage na taya da batir da birki da lagireto, gama motar da aka yi don sanyin Jamus sai an shirya ta kafin ta jure zafin bazararmu. Kowa ya san halin da hanyar Gusau zuwa Tsafe ta shiga a shekarun nan. Motar da ta mutu a dajin nan da magariba ba maganar asarar kuɗi ba ce kaɗai, maganar rai ce.

In kuɗin bai kai na mota mai lafiya ba, ku haɗa kai mutum biyu ko uku, ko ka haƙura sai baɗi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ga masu mulki kuwa muna da tambaya. Ƙasar da ta haɗa motarta a Kaduna tun 1975, me ya sa yau talakanta ke tsintar abin da Bature ya yar? Za mu ci gaba da tambaya har ranar zaɓe. Allah Ya ba talaka sawaba, amin.