Jirgin Agege Ya Zo, Amma Bai Ƙetare Gada Ba

Duk wanda ya taɓa kwana a Agege ko Agbado ya san ba zakara ke tada ma'aikacin Ikko daga barci ba, tsoron gosulo ne. Tun kafin a kira assalatu ya yi wanka ya fito bakin titi, don kuwa in ya kuskura ya tsaya har gari ya waye, to, sai hantsi ya same shi a Oshodi yana leƙen agogo. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu gadi da masinjoji da masu awo a Idumota sai a tashar mota suke shimfiɗa kwali su yi sallar asuba. In sun taso da yamma haka za su sake sha, su iske yara sun yi barci. Akwai magidancin da ba ya ganin 'ya'yansa ido biyu sai ran Lahadi.

Ba don sha'awa mutum ke zama nesa da wurin aikinsa ba. Kuɗin hayar ɗaki a cikin tsibirin Ikko ya fi ƙarfin albashinsa, shi ya sa ya yi ta ja da baya har ya kai bakin iyakar Jihar Ogun. Amma abin da ya rage a wajen mai gida, yaron mota ya karɓe shi a hanya, musamman tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur. Ga kuma sa'o'in da ya ɓatar a zaune cikin danfo, gwiwa a ƙirji, waɗanda babu ofishin da ke lissafa su cikin lokacin aiki. In ya makara, shi ne mai laifi.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. A 1977 hukuma ta kafa dokar nan ta lambar mota, wato masu lambar mara su shiga manyan tituna yau, masu lambar cika gobe. Me ya faru? Masu hali suka sayi mota ta biyu, titi ya koma yadda yake. A 1983 Gwamna Alhaji Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka shirya zai tashi daga Marina ya bi ta Yaba har Agege. Soja suka karɓi mulki a ƙarshen wannan shekara, a 1985 kuma gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta soke aikin. Ko da Gada ta Uku ta samu a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12, motoci ta ƙara wa hanya, ba ta rage wa talaka komai ba. Sai bayan shekara 38 da sokewar nan mutanen Ikko suka shiga jirgin cikin gari, lokacin da aka buɗe layin Marina zuwa Mile 2 a watan Satumba na 2023. Yaron da aka haifa ran da Jakande ya aza harsashi ya yi furfura kafin ya ji ƙarar jirgin.

To, a watan Oktoba na 2024 jirgin da ya shafe mu ya fara ɗaukar fasinja, daga Agbado ya biyo Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, ya tsaya Oyingbo, tafiyar kilomita 27. A yaba wa wanda ya yi. Wanda ya saba da molue a zamaninta, inda na tsaye suka ninka na zaune, ya san ba ƙaramin sauƙi ba ne mutum ya zauna a tarago yana kallon gosulo ta taga.

Amma fa, jama'a, Oyingbo ba ita ce Ikko ba. Ofisoshi da bankuna da manyan kasuwanni suna ƙetaren ruwa, kuma gada uku ce kawai ke shiga daga wannan ɓangare: Carter, Eko, da ta Uku. Ma'aikaci ya sauka daga jirgi, sai ya koma neman danfo, ya sake biyan kuɗi, ya faɗa cikin cunkoson da ya gudo. Haka nan a can baya, daga ƙofar gidansa zuwa tasha sai ya hau wani abin. Tafiya ɗaya, biya uku. Ga shi jirgin yana bin hanya ɗaya da na Ibadan, ba shi kaɗai ke da layin ba, don haka wanda jirgi ya wuce shi ba zai ce bari in jira na baya nan da minti biyar ba.

Abin da ya fi damuna shi ne hukuma ta fi saurin hanawa a kan samarwa. A 2013 aka hana molue hawa gadojin shiga tsibiri. A 2020, aka kuma sake a 2022, aka hana 'yan acaba aiki a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja da Surulere da tsibirin kansa. Ban ce babu dalili ba, kowa ya ga gangancin wasunsu da haɗarin da suke jawowa. Amma acaban nan shi ke haɗa lungu da tasha, dubban samarinmu kuma da shi suke ci. An ɗauke shi, ba a ajiye abin da zai isa a gurbinsa ba, sai ma'aikaci ya dawo tafiyar ƙafa da takalmin ofis. Duk wanda ke tunanin korar danfo daga manyan tituna, ya dakata tukuna. Motocin safa na BRT da aka fara a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS sun taimaka ƙwarai, amma a je Ikorodu da ƙarfe shida na safe a ga tsawon layin masu jira.

Ra'ayina shi ne Gwamnatin Jiha ta sa kashi na biyu na wannan layi, wato daga Oyingbo zuwa Marina, gaba da duk wani sabon aikin gada ko titi. Kafin a gama shi, a jera safa a bakin tashar Oyingbo masu jiran jirgi, kuma katin Cowry da aka biya jirgi da shi ya wuce da mutum har CMS ba tare da an sake yankar masa cikakken kuɗi ba. A ƙara yawan sawu, a kuma tuna da masu aikin dare: mai gadin banki da ma'aikaciyar jinya ba ƙarfe biyar suke tashi ba. Su kuma manyan kamfanonin Marina da Victoria Island, tun da sun san inda leburorinsu ke kwana, ko dai su sa musu mota daga tasha, ko su daina yanke albashin wanda ya baro Agbado da ƙarfe huɗu da rabi ya iso takwas da kwata.